Mazan jiya da ke zaune cikin unguwanninmu

Jama'ar Damagaram, yau maganata a kan tsofaffin sojojinmu take, kuma ba da hukuma kaɗai nake ba, har da mu kanmu.

Makoki kam mun iya shi. Da aka kashe sojoji 71 a Inates cikin Disamban 2019, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Wata guda ya zagayo, aka rasa 89 a Shinagodar, aka sake sassauto da tuta. Kowa ya ɗora hoto a Facebook, Allah ya jiƙan maza. Amin. To wanda ya dawo da ransa fa?

Tun da Boko Haram ta faɗa wa Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, motocin soja ke bin hanyar Gure da Maine-Sorowa zuwa gabas. Wasu kuma arewa aka kai su, Dirku ko Madama, inda rana ke gasa mutum, sanyin dare ya shiga ƙashi, ruwan sha ma sai an auna. Wata da watanni ba ganin iyali. Matar soja na nan bariki, duk lambar da ba ta sani ba ta kira, sai gabanta ya faɗi. Ya dawo da ƙafa guda, ko kunnen da nakiya ta kashe, ko kuwa jiki lafiya lau amma barci ya ƙaurace masa. Tayar mota ta fashe ya zabura, samarin fada su kwashe da dariya wai baba ya taɓu. Wallahi wannan dariyar ta fi komai ƙona mini rai.

Kakanninmu da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya, a 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba ta daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara kusan 50, lokacin galibinsu na ƙarƙashin ƙasa. Muna zaginta a kan haka, kuma ta ci a zage ta. Amma na yanzu ba wa baƙo suka yi wa yaƙi ba, mu suka tsare.

Dattijo mai sanda bai kamata ya yi ta jigilar kusan kilomita 900 zuwa Yamai don takardarsa ta maƙale ba. Wannan na hukuma ne. Namu ya fi sauƙi. Mai gidan haya ya yi wa matar marigayi haƙuri, attajiran kasuwar Dole su ɗauki karatun maraya ko da guda ne, limamai su riƙa sa raunanan cikin addu'a ranar Juma'a. Ku kuma samari, in baba ya wuce ku tashi ku gaishe shi, ku miƙa masa kofin shayi na farko.