Sai da Bature ya ci ƙwaro ya zama abinci?

Wallahi wasunku ba ku da ta ido. Hajiyar nan da ta toshe hanci ta ce a fitar mata da ledar fara daga falo, wai warin ƙauye, ita ce yau ta turo mana bidiyon Amurkawa suna soya sikada, har da rubuta "abincin zamani" a ƙasa. Zamanin wa, Hajiya?

Sikadan nan ƙwaro ne fa. Ƙwaro mai jajayen idanu da ke kwance cikin ƙasa shekara 13 ko 17 yana tsotsar ruwan saiwar itace. Da ƙasa ta ɗumama sai ya fito tururuwa, ya ɗare bishiyoyi, ya cika gari da ƙara na mako huɗu zuwa shida, ya yi ƙwai, ya mutu. A 2024 wata runduna mai shekara 13 da wata mai 17 suka fito tare, har a jihar Ilinoyi, rabon biyun nan da haɗuwa tun 1803. Mutane suka bi su da tocila cikin dare suna tsinta, lokacin da suka saɓule tsohuwar fata suna fari fat, jiki da laushi. Wannan ya soya, wancan ya tsoma a cakulan, jaridu na ta tafi. Mu da muka tashi muna ɗora kwanon ruwa ƙarƙashin fitila muna tara shinge bayan ruwan farko, mu ne 'yan ƙauye. Nasu furotin, namu ƙazanta. To madalla.

Kada wani ya ce min "ai nasu da tsafta". Abin da ya shekara 17 a ƙasar da ake yi wa feshin magani? A 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka da kanta ta ce wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande kada ya ci sikada, don su dangin juna ne. Masu cewa sikada ba fara ba ce a shari'a kuma, na ji, ku kai wa malamai, ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Maganata raini ce.

Kuma ko a can ba masu bidiyo suka fara ba. Mutanen Onondaga, 'yan asalin jihar Niyok, suna ba da tarihin cewa bayan sojojin George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, sun ƙone musu gonaki a 1779, wannan ƙwaron ne ya tsare su daga yunwa. Har yau in ya fito suna ci suna tuna kakanni. Wannan ya taɓa min zuciya, don na san matan da soya fara a bakin tasha ya biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Ba wanda ya taɓa ce musu masu abincin zamani, sai dai a yatsina fuska a wuce.

Af, tun da an zo nan: wa ya koya wa masu farar yanzu zabga maggi haka? Ta da, gishiri ce da yajin ƙuli da ɗan lemon tsami, a cire fiffike da ƙafa, ka ji ƙarus a baki. Duk mai tasowa daga Maiduguri makon nan ya yi min magana, mudu ɗaya nake so, kuma kada a haɗa min da ta bara.