Kama da wane ba ta wane: Kuskuren ganau a gaban 'yan sanda

A watan Yulin 1984 wani mutum ya kutsa ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson a garin Burlington na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya ɗora mata wuƙa a wuya, ya yi mata fyaɗe. Duk da firgicin da take ciki, ta ƙudurta cewa in ta rayu sai ta gane shi, don haka ta ƙura wa fuskarsa ido tana haddace kamanninsa. Da 'yan sanda suka baza mata hotuna, ta zaɓi Ronald Cotton. Da aka jera mutane a gabanta, ta sake nuna shi. A kotu ma ta nuna shi ba tare da wani ɗar ba, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Lokacin da aka sake shari'ar a 1987, an kawo mata wani fursuna mai suna Bobby Poole, ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya tabbatar cewa Poole ɗin ne ya aikata. Kafin nan Cotton ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku.

Wannan baiwar Allah ba shaidar zur ta yi ba. Abin da ta yi imani da shi har zuciyarta ta faɗa, kuma nan ne abin tsoron yake. Maƙaryaci, ƙwararren lauya zai iya tsare shi da tambayoyi har ya yi tuntuɓe. Wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya kuwa babu ta inda za a kama shi, domin hawayensa na gaske ne, rantsuwarsa ma haka.

Mun taso da cewa gani ya kori ji, shi ya sa maganar ganau take da nauyi a ko'ina. Amma ƙungiyar Innocence Project, wadda lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa a 1992, ta duba shari'o'i 375 da gwajin DNA ya wanke waɗanda aka ɗaure a Amurka, ta tarar kusan kashi 69 cikin ɗari akwai ganau da ya nuna wanda ba shi ba. Kirk Bloodsworth shaidu biyar suka nuna shi kan kisan wata yarinya a jihar Maryland, aka yanke masa hukuncin kisa, sai a 1993 aka wanke shi. Matsalar ma tsohuwa ce. A Ingila an ɗaure Adolf Beck a 1896, aka sake samunsa da laifi a 1904, duk bisa shaidar mata da dama da suka ce shi ya damfare su, alhali wani ne daban. Badaƙalar na cikin abin da ya sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a ƙasar a 1907.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba kyamara ba ce. Duhu da nisa da razana suna rage abin da ido ya ɗauka, idan akwai makami hankali kan tafi kan makamin, kuma mutum ya fi rikita fuskokin waɗanda launin fatarsu ya bambanta da nasa. Thompson fara ce, Cotton baƙi. Waɗannan babu yadda hukuma za ta yi da su, an riga an yi. Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ake yi daga baya, a ofishin 'yan sanda, wadda kuma ana iya kauce mata.

Shaida na shiga ɗakin tantancewa yana ganin ai ba za a kira shi ba sai don an kama mai laifin. Sai ya dubi mutum shida ya zaɓi wanda ya fi kama da abin da ya tuna. Ko da mai laifin ba ya cikinsu, dole a samu wanda ya fi sauran kama da shi. A 1981 wasu masu bincike, Roy Malpass da Patricia Devine, sun shirya wata ɓarna ta gangan a gaban ɗalibai, sannan suka nuna musu jeren da babu mai ɓarnar a ciki. Waɗanda aka bari da zaton yana nan, kashi 78 cikin ɗari suka nuna wani. Waɗanda aka ce musu mai yiwuwa yana nan, mai yiwuwa ba ya nan, kashi 33 ne kawai. Jumla ɗaya tak, wadda ba ta cin ko sisi.

Sai kuma abin da jami'i ke faɗa bayan an zaɓa. A binciken Gary Wells da Amy Bradfield na 1998, duk mutanen da aka gwada wanda ba shi ba suka nuna, domin ba a saka hoton mai laifin ba. Wasu aka yaba musu cewa sun dace da wanda ake zargi. Waɗannan daga baya suka ce tun farko suna da tabbas, sun gan shi sosai, sun mai da hankali a kansa. Yabon ya sake rubuta musu abin da suka tuna. Haka ya faru da Thompson: ta ɗauki mintuna tana jujjuya hotuna kafin ta zaɓa, aka nuna mata cewa ta dace, kafin a je kotu shakkar ta gushe gaba ɗaya.

Ba ina cewa a yi watsi da shaidar ganau ba. Akwai laifukan da babu wata hujja sai idon wanda aka zalunta, kuma toshe masa baki wani zaluncin ne. Nazarin John Wixted da Gary Wells na 2017 ya nuna cewa idan an gudanar da jeren bisa ƙa'ida, shaidan da ya nuna mutum da cikakken tabbas a karon farko yawanci daidai yake. A karon farko fa. Tabbacin da ake nunawa a gaban alƙali bayan wata shida, bayan shaida ya ga fuskar nan sau uku ko huɗu, ba shi ne ma'auni ba, duk da cewa kotun ƙolin Amurka a 1972 ta saka tabbacin shaida cikin abubuwan da ake dubawa.

Ƙa'idar ba mai wuya ba ce, kuma kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ya fayyace yawancinta a rahotonsa na 2014. Jami'in da zai gudanar da jeren kada ya san wane ne ake zargi, don kada kallonsa ko gyaran muryarsa su yi wa shaida jagora. A rubuta kalaman shaida a take, da bakinsa, kan yadda ya tabbata, a kuma ɗauki komai a bidiyo. 'Yan cikon benci, wato sauran mutanen da ake jerawa tare da wanda ake zargi, su dace da kwatancen da shaida ya bayar, kada a saka dogo ɗaya cikin gajeru biyar. Masu cewa babu isassun jami'ai su sani cewa ko da hotuna ne, ana iya saka su cikin ambulan a cakuɗa, ko a bar kwamfuta ta nuna su, yadda jami'in ba zai ga wanda shaida ke kallo ba. Jihar da aka ɗaure Cotton ta mai da irin waɗannan matakai doka a 2007.

Ina ganin alƙalin da aka kawo wa shaidar ganau ya kamata ya fara da tambayar yadda aka yi a ranar farko, wa ya gudanar, me aka faɗa wa shaida, me shi kuma ya ce. Dama ce guda ɗaya, in ta lalace ba ta gyaruwa. Thompson da Cotton sun sulhunta, har suna yawo tare suna kiran a gyara tsarin, amma ta bayyana cewa ko bayan sakamakon DNA ya fito, idan ta tuna daren nan fuskar Cotton take gani.