Kafin motar hukuma ta iso

Jiya a majalisa muka kaure da musu. Wani abokina ya dage cewa in bala'i ya auku, duk wanda ba shi da horo ya ja gefe, ya bar wa hukumar agajin gaggawa ta NEMA da Red Cross aikinsu. Na ce masa, Malam, ka manta guguwar da ta afka wa garin Bauchi a watan Yuni 2018, ana tsakiyar shagalin ƙaramar Sallah? A layinmu, kafin wata motar hukuma ta leƙo, mai shayi da 'yan acaɓa biyu ne suka ɗaga kwanon rufin da ya danne wata tsohuwa, da fitilar waya suke haskawa.

Ko a Amurka haka abin yake. Da guguwar Katrina ta nutsar da akasarin birnin New Orleans a 2005, mutanen jihar Louisiana ne suka fito da ƙananan jiragen kamun kifinsu suna kwaso mutane daga saman gidaje, har aka laƙaba musu suna Cajun Navy. Suka sake fitowa a birnin Houston lokacin guguwar Harvey, 2017. Mu ma mun ga masu kwalekwale a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024.

Sai dai abokin nawa yana da tasa gaskiyar, kuma ni shaida ne. A ranar guguwar Bauchin, katanga ta faɗo wa wani yaro. Muka kama shi hannu da ƙafa muka fizgo, muka ɗora a babur. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta ce mana wanda ake zargin ya bugu a ƙashin baya ba a jijjiga shi, a kan katako ake kwantar da shi, a tallafe wuyansa. Allah ya kiyaye, yaron yana tafiya da ƙafafunsa yau, amma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Ga wayoyin lantarki zube a ƙasa muna tsallakawa da silifa. Masu tare hanya suna ɗaukar bidiyo kuwa, ban ma sa su a lissafi ba.

Maƙwabci dai zai fito, ko an hana shi. To me zai hana 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam, da muke gani kullum Juma'a cikin kaki, su ware mana Asabar guda kafin damina, su nuna mana yadda ake tsayar da jini da ɗaukar mai karaya? Ni dai gobe bayan La'asar zan tuntuɓi limaminmu da maganar.