Kada mu sallami masu aikin sa-kai daga zaure

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Sakkwato da kewaye.

Damina ta kankama, kuma ban da albarkar gona mun san abin da take zuwa da shi: zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, masu kayar da ƙananan yara. Yanzu ne ake ganin mata cikin hijabi, jaka a rataye, suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. A wasu gidajen sallamarsu ba ta wuce zaure. Maigida ya ce ba a shiga, ko a karɓi maganin a jefa bayan randa. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

A Bangaladash, ƙasar noman shinkafa da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, gudawa ta daɗe tana ɗauke yara. Daga 1980 zuwa 1990 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar mai suna BRAC ta tura mata ƙauye-ƙauye, su zauna da uwa a tsakar gidanta, su koya mata haɗa ruwan ceton rai da abin da ke madafinta: gishiri gwargwadon tsunkulin yatsu uku, mazarƙwaila cike da tafin hannu, a rabin lita na ruwa. Ba sa tashi sai uwar ta haɗa da hannunta a gabansu. A haka suka shiga gidaje wajen miliyan 12. Talakawa ne kamarmu, masu salla kamarmu, amma sun buɗe ƙofa.

Mu kuwa ai bai kamata a ba mu labarin wannan daga wata ƙasa ba. A nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajojinta, wato malamai mata masu yawon koyarwa, ta ɗora musu malfa, suka riƙa taka ƙafa zuwa ƙauyuka suna kai wa matan aure ilimi har ɗaka. Da kakanninmu sun tare su a zaure, da ƙungiyarsu ta 'Yan Taru ba ta kafu ba.

Malam maigida, ka ji tsoron Allah. Yaron nan amana ne a hannunka. Ubangiji ya ce a Suratul Ma'ida, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya. Baiwar Allah nan da ta sha rana, ƙafarta duk laka, wannan ladan take nema, ɗan abin da ake ba ta bai kai wahalarta ba. In kana da shakka a kan maganin, ka tambaye ta, ka tambayi ma'aikacin asibitin garinku ko limaminku. Amma ka amsa mata sallama, a ba ta tabarma da ruwan sha. Ku kuma 'yan mata da kuka yi karatu, in aka nemi masu taimakawa a unguwa ku fito, iyaye su sa muku albarka.

Iyaye mata, in gudawa ta kama yaro kada a jira ta tsaya da kanta, kada kuma a daina ba shi nono. In akwai ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, shi ya fi. In babu, a tafasa ruwa lita 1 ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a ƙara gishirin, yawansa cuta ne. Idan idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa, ya kasa sha, ko aka ga jini a kashinsa, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.