Wa ke riƙe da kayan aiki a gonar kwaleji?

Kwalejin aikin gona takan tara mutane iri-iri: ɗan manomi da ya tashi da fartanya a hannu, ɗan birni da bai taɓa tatsar saniya ba, mata, masu buƙata ta musamman, da waɗanda harshen koyarwa ba nasu ba ne. Hukuma takan shirya musu taron maraba, ta ɗauka shi ke nan. A ganina, ranar da aka fara rabon aiki a gonar gwaji ne ɗalibi ke sanin ko shi ɗan gida ne ko bare.

Malami ya ce a kasu rukuni-rukuni, kowa sai ya nemi nasa. Cikin rukunin kuma, wanda ya iya tun daga gida shi ke hawa tarakta, shi ke yi wa dabba allura, a miƙa wa mace ko ɗan birni littafi ya riƙa rubuta awo. Zango ya ƙare an ba kowa maki ɗaya, alhali mutum biyu kaɗai suka taɓa aikin. Gyaran ba shi da tsada. Malami ya haɗa rukunin da kansa, mutum 4 ko 5, kada a jefa mace ita kaɗai cikin maza. Aiki ya riƙa zagayawa duk mako, a rubuce, sannan a gwada kowa shi kaɗai: ya daidaita tankin feshi, ya auna tazarar shuka, ya kama akuya ya duba haƙoranta.

Sai kayan aiki, inda aka fi sakaci. Tankin feshi na goyo mai lita 16 idan ya cika yakan kusa kilo 20, don haka a tanadi ƙarami ko a cika rabi. Ana sayo safar hannu da takalman roba duk girma ɗaya, na ƙarti. Safar da ta yi wa hannu yawa zamewa take yi, takunkumin da bai kama fuska ba kuwa maganin ƙwari yana bi ta gefe. Mai keken guragu yana buƙatar hanya mai tauri da ta kai faɗin mita 1.2, da gadon shuka da aka ɗaga kamar santimita 70, wanda hannu zai kai tsakiyarsa daga zaune. Mai juna biyu a nisanta ta da feshi da tumakin da ke haihuwa, saboda cututtukan da ke jawo ɓari, amma a ba ta wani aikin mai maki daidai, kada a ce ta zauna a gida. (Banɗaki mai ƙofa a bakin gona ma, mutane nawa ke tunawa da shi?)

Wuraren koyon aiki a waje kuma a liƙa su a allo kowa ya nema. Idan aka bar wa sanayya, wanda ba shi da kowa a harkar shi zai rasa.