Harajin TVA kan kayan oda: a karɓa, amma a faɗi kuɗin tun kafin a saya

Kasuwar Yamai ta daɗe da shiga cikin waya. Jakunkunan mata da takalma daga Gwanzu ta ƙasar Sin, abaya da turare daga Dubai, leshi da shadda daga Kantin Kwari na Kano, duk sai ka gan su a sitatus ɗin WhatsApp, ka tura kuɗi ta Nita ko Amana, bayan 'yan makonni a kira ka ka zo ka ɗauki kayanka. Abin da babu mai iya faɗa maka ranar oda shi ne nawa za ka cika ranar ɗauka. Mai kawo kaya zai ce maka kilo kaza ne, "sai kuma abin da 'yan duwan suka ce". A cikin wannan maganar harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya mai saye ya biya, yake kwance. Ni dai a ganina ya kamata a karɓe shi kan kayan oda kamar yadda ake karɓa kan kayan kanti, da sharaɗin mai saye ya san adadinsa tun kuɗinsa na hannunsa.

TVA a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, a cikin iyakar 15 zuwa 20 da ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta gindaya wa ƙasashenta takwas. Ƙa'idarsa kusan ɗaya ce ko'ina a duniya: ana biyansa a ƙasar da za a ci moriyar kayan, ko a ina aka ƙera su. To ɗan kasuwar da ke da shago a Babbar Kasuwa, wanda kwantenarsa ta sauka Lome ta ratso Burkina Faso, ya biya kuɗin fito, ya biya TVA, ga haya ga albashin yaran shago. Idan irin jakar da yake sayarwa ta shigo cikin ƙunshin wani ba a biya mata komai ba, za ta fi tasa araha sosai, alhali mai ita bai fi shi iya ciniki ba. Wannan ba adalci ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan masu cewa a bar kayan oda su wuce kyauta.

Turai ta riga mu cin karo da wannan matsala. Shekara da shekaru Tarayyar Turai tana yafe TVA kan duk ƙunshin da bai wuce yuro 22 ba, wato wajen sefa 14,400, saboda wahalar karɓar harajin ta fi harajin kansa. Da cinikin intanet ya bunƙasa sai masu aikowa suka riƙa rubuta ƙaramin farashi a bayan kwali don kayan su faɗa ƙarƙashin wannan iyaka. Ranar 1 ga Yuli 2021 aka soke yafiyar. Aka kawo tsarin IOSS, inda dandalin da ya sayar da kayan da ba su wuce yuro 150 ba yake ƙara TVA tun a wurin biya, ya riƙa miƙa shi duk wata. Birtaniya ta yi irin haka a farkon 2021 kan kayan da ba su wuce fam 135 ba, Ostireliya ma tun 2018. Hukumar Tarayyar Turai ta ce a 2024 kaɗai ƙananan ƙunsoshi kusan biliyan 4.6 ne suka shiga ƙasashenta, kashi 91 cikin 100 daga Sin. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne mai saye a Faransa yana ganin jimillar kuɗinsa a fuskar waya kafin ya danna maɓallin biya.

Sai dai mu nan ba za mu iya kwafar wannan yadda yake ba. Turai na da mutane wajen miliyan 450, akasarinsu masu katin banki, shi ya sa AliExpress da Shein ke jin maganarta. Nijar ita kaɗai ba ta da wannan nauyin, ko da yake da ƙasashen UEMOA za su haɗa baki su nemi rajista guda da za a saurare su. Ban da haka, yawancinmu ba kai tsaye muke saye daga waɗannan dandali ba. Akwai ɗan'uwa ko wakili a Gwanzu ko Dubai, shi ke saye, ya tara kayan mutum hamsin a ɗaure guda, ya aiko ta jirgi zuwa filin Diori Hamani, mai fitar da kaya ya yi magana da duwan a kan ɗaurin baki ɗaya. Daga nan aka raba kuɗin kan kilo. Wanda ya yi odar waya mai tsada da wadda ta yi odar zannuwan gado sai su biya gwargwadon nauyi, haraji kuwa kan daraja doka ta ɗora shi. Mai kaya masu nauyi da araha shi ke ɗaukar wa mai kaya marasa nauyi masu tsada, kuma babu ɗayansu da ya ga takardar duwan da idonsa.

Mu yi lissafi da misali. A ce kayan sefa 50,000 ne, kuɗin jirgi 20,000. Duwan na farawa daga 70,000, domin kuɗin dako na cikin darajar kaya. Kuɗin fito na kashi 20, wanda shi ne na akasarin kayan da aka gama ƙerawa, ya kama 14,000. Sannan a ɗora TVA kan 84,000, ya ba da 15,960. Kusan jaka talatin ke nan kan kayan jaka hamsin, ban da ƙananan kuɗaɗe irin su kashi 0.5 da ƙawancen AES na Nijar, Mali da Burkina Faso ya sa a 2025. Ka lura da abu guda: ƙasar da ba ta da teku, tsadar dako ma haraji take jawo mata. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta ƙara nisa, TVA ɗin da ke bin bayan dako ya ƙaru ba tare da kowa ya taɓa kashi 19 ɗin ba. Idan wannan ne ainihin lissafin, a faɗa wa mutane shi ƙarara. Wanda ya ga kusan jaka ɗari ne gaba ɗaya, wataƙila ya gwammace ya shiga kasuwar Wadata ya taya.

Inda ya kamata gwamnati ta sa hannu shi ne wajen masu tara kayan nan. An san su, suna da ofisoshi da lambobin waya a Yamai. A yi masu rajista, a wajabta masu rubuta darajar kayan kowane mutum daban, su ba shi rasit mai nuna kuɗin dako a gefe, kuɗin fito a gefe, TVA a gefe. Ita kuma hukumar duwan ta fitar da jadawalin da kowa zai iya dubawa a waya, da Hausa da Zarma, na kayan da aka fi yin odarsu. Muddin adadin ya dogara da wanda ka tarar bakin aiki da kuma iya bakin wakilinka, mai gaskiya ne zai riƙa biya fiye da kowa.

Za a ce talaka na fama, wannan ba lokacin matsa masa ba ne. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, amma wanda ke odar turare daga Dubai ba shi ne ya fi kowa talauci a ƙasar nan ba. Wadda nake tausaya wa ita ce matar da ke odar jakunkuna goma ta sayar daga ɗakinta don ta biya kuɗin makarantar yara. Babban ɗan kasuwa mai rajistar TVA yana cire abin da ya biya a duwan daga abin da ya karɓa hannun masu saye. Ita ba ta da wannan damar, duk abin da ta biya ya shige cikin uwar kuɗinta. Irinta ce rasit bayyananne zai fi amfana, domin sai ta san nawa kowace jaka ta tsaya mata kafin ta sa farashi.

Kayan Kano kuwa wata duniya ce. Najeriya kashi 7.5 take karɓa tun 2020, kayan kuma direba ake ba wa, ya biyo ta Illela da Ƙonni ya sauke a tashar Tawa. A doka ko kayan da aka yafe wa kuɗin fito saboda yarjejeniyar maƙwabtaka ba a yafe masu TVA ba. A aikace, bin kowace leda a wannan iyaka zai ci kuɗin da ya fi abin da za a tara. A nan sai a sa iyaka a rubuce, a ce kayan amfanin kai da ba su kai kaza ba sun wuce, a manna sanarwar a bakin shingen da ke Ƙonni inda direba da fasinja za su karanta, ma'aikata su mayar da hankali kan filin jirgi da manyan motoci.