Ruwan Kano: Wa Yake Lissafin Shekarar 2050?

Duk shekara idan zafi ya kama, daga Maris zuwa Mayu, maganar ruwa takan dawo bakin kowa a Kano. Rijiyoyi su ja baya, layin jarkoki ya miƙe a bakin burtsatse, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, gidajen rediyo su cika da koke-koke. Daga nan a fito a ce an ware kuɗi, an sayo inji, gyara na nan tafe. Damina ta sauka, magana ta kwanta, sai kuma baɗi. Jama'a, ni tambayar da take ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: a cikin duk masu wannan magana, wa ya zauna da alƙalami ya lissafa mutum nawa za su kwana a garin nan nan da shekara 25, lita nawa za su buƙata a rana, daga wane kogi za a ɗebo, ta wane bututu zai bi, kuma wa zai biya?

An taɓa yin masu irin wannan tunanin a garin nan. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwa na Challawa, aka turo ruwa daga wajen Panshekara har cikin birni, a lokacin da yawancin garuruwan ƙasar nan ba su san famfo ba. Sannan marigayi Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya zo ya gina madatsar ruwa ta Bagauda, ya gina Tiga da aka kammala a 1974, madatsar da aka tsara ta tare ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ku tuna fa, a ƙidayar 1963 mutanen birnin Kano ba su kai rabin miliyan ba. Mutumin nan ya yi wa jikokin da bai gani ba tanadi, kuma har yau Tiga da madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, su ne jingar garin. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya biyo baya mai girma shi ne sabuwar matatar Tamburawa mai lita miliyan 150 a rana da ta Watari mai lita miliyan 75, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Aiki ne mai kyau, amma yaran da aka haifa a lokacin yau sun isa aure.

To bari mu yi lissafin da kanmu, ba ya buƙatar digiri. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi 8 na cikin ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, mutum kusan miliyan 2.8. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 ko sama da haka a shekara takan ninka kanta cikin shekara 20 da 'yan kai. Ke nan idan mutum ya ce yau mun doshi miliyan 5 bai yi ƙari ba, kuma idan Allah Ya kai mu 2050 a haka, ana maganar miliyan 10 ne. Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta yanka wa mazaunin birni lita 120 a rana. Miliyan 5 sau 120 ya ba da lita miliyan 600 kullum. Miliyan 10 kuwa lita biliyan 1.2 ke nan kullum, wanda a shekara ya haura kubik mita miliyan 430, kusan rabin abin da madatsar Challawa ke ɗauka idan ta cika maƙil. Ban sa asibitoci ba, ban sa makarantun kwana da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ba, ban sa masu buga bulo da masu wankin mota da kamfanonin fiyawata da dabbobin da ake kiwo a gidaje ba. Duk wanda yake son ya san girman aikin da ke gabanmu, ya ajiye wannan adadin kusa da lita miliyan 150 na Tamburawa ya kalla.

Na san za a ce ai ba a sake ƙidaya ba tun 2006, da me za a yi lissafi? Wannan ba uzuri ba ne. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna kowane rufin kwano da aka ƙara daga Ɗanbare zuwa Mariri. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun sha bin garin nan gida-gida suna rubuta lamba a ƙofa. Makarantu suna da rajista, masu unguwanni sun san mutanensu. Wanda yake son adadi zai samu na kusa da gaskiya, ya yi lissafi uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama, ya yi shiri a kan na tsakiya, ya bar wa na sama ƙofa.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne burtsatse, domin a nan ne muke yaudarar kanmu. Ɗan majalisa ya haƙa, shugaban ƙaramar hukuma ya haƙa, mai hali ya haƙa a gidansa ya fito da famfo waje don sadaka, Allah Ya ba shi lada. Ba na zargin kowa da neman mafita, wanda iyalinsa ke jin ƙishirwa ba zai jira taron masana ba. Amma yawancin ƙasar birnin Kano a kan dutse take zaune. Ruwan da ke ƙarƙashinta yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa, ba wani tafki ba ne shimfiɗe a can ciki. Shi ya sa za ka ga an haƙa a gida an samu, an haƙa a maƙwabta an tashi a tutar babu. Abin da ke cika waɗannan tsagogin shi ne ruwan saman da muke samu cikin wata huɗu ko biyar, wanda ya samu ya nutse cikin ƙasa. Mu kuma me muka yi? Kududdufan da suke tare ruwan damina su shayar da ƙasa a hankali mun cike su da shara mun yi gini a kai. Tsakar gida mun malale da siminti, filaye mun yanka. Mun toshe hanyar shigar ruwa, mun ninka bakin zuƙa. Duk layin da aka jera injin zuƙo ruwa goma, rijiyar talakan da ke tsakaninsu ita ce ke fara ƙafewa, daga nan sai tuƙa-tuƙar masallaci, daga nan mai burtsatsen da kansa ya kira masu haƙa su ƙara zurfi. Ga kuma salga da ake haƙawa taku kaɗan daga rijiya a unguwannin da suka cushe, wadda ita ce ke dawo mana da amai da gudawa da taifot. Burtsatse tana da wurinta a ƙauye da ƙananan garuruwa, da kuma matsayin madogara ranar da famfo ya ɗauke. Garin mutum miliyan 10 ba ya rayuwa a kanta. Ya kamata a ce kowace burtsatse tana da rajista, an san zurfinta da abin da take fitarwa, sannan akwai rijiyoyin awo a sassan gari da ake duba ko ruwan ƙasa yana sauka, da taku nawa yake sauka a shekara.

Ita ma madatsar ba tamu mu kaɗai ba ce, wannan kuma Kanawa ba mu cika son ji ba. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Ruwan Tiga shi ke shayar da shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Abin da ya saura ya haɗu da na Challawa ya bi ta Wudil, ya ratsa Ringim da Haɗejiya, ya shiga fadamun Nguru, ya wuce Gashuwa, ya zama iyaka tsakaninmu da yankin Diffa na Nijar kafin ya kai Tafkin Chadi. Manoma da masunta da makiyayan can suna da haƙƙi a kansa, kuma sun daɗe suna fama da kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa tun da madatsun suka sauya yadda kogin ke gudu. Duk lita ɗaya da birni zai ƙara ɗiba daga rabon wani take fita. Saboda haka shirin ruwan Kano da ba a zauna da Jigawa da Yobe da hukumar tarayya an yi rabo a rubuce ba, rigima ce aka ajiye wa 'ya'yanmu. Haka kuma madatsa tana tsufa. Laka na taruwa a cikinta duk damina, musamman da aka sare itatuwan da ke riƙe ƙasa a sama, rana kuma na shanye nata rabon. Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024. Auna abin da Tiga ke iya ɗauka a yau da duba lafiyar bangonta aiki ne da ya kamata a riƙa yi a kai a kai ana faɗa wa jama'a sakamakon.

Ko an tace ruwan, sai ya iso gida. Unguwanni da yawa da suka tashi a shekaru 30 da suka wuce ba a taɓa shimfiɗa musu bututu ba, gidajen ne suka riga tsari isa wurin. A tsofaffin unguwanni kuma bututun ya tsufa, wani ya bi ta cikin kwata, wani aikin titi ya fasa shi aka binne. Bututun da ake sako wa ruwa yau a ɗauke gobe yana da wata illa da mutane ba su lura da ita: idan ruwa ya janye, ta wurin fashewar yake tsotso ƙazantar da ke kewaye da shi, ranar da aka dawo da ruwa ita ce ke fara fitowa a famfo. Ruwan da ke zubewa a hanya an riga an kashe masa kuɗin magani da na wuta, don haka toshe yoyo ya fi gina sabuwar matata arha nesa ba kusa ba. Sai dai ba a yanka ƙyalle a kan gyaran yoyo, shi ya sa ba ya burge mai neman ƙuri'a. Wutar ma haka. Daga bakin kogi har tankin Goron Dutse inji ne ke tura ruwa, matatar da ba ta da tsayayyar wuta tata ta kanta sunanta kawai matata.

Maganar kuɗi ita ce mai ɗaci, amma zan faɗe ta. Da yawanmu muna ganin ruwan gwamnati bai kamata a biya ba. To mu duba abin da muke biya yanzu. A ɗauka jarka mai lita 25 naira 100 ce, ko da yake a wasu unguwannin ta wuce haka lokacin zafi. Gidan mutum 10 da ke sayen jarka 8 a rana, kowa ya tashi da lita 20 kacal, wanda bai kai rabin lita 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin mutum na buƙata don sha da girki da wanka da wanki ba. Kuɗin ya kama naira 24,000 a wata, sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Talaka ne ke sayen ruwa mafi tsada a Kano, kuma shi ne ke samun mafi ƙaranci. Idan famfo zai zo kullum, a fara sa mita a masana'antu da otal-otal da manyan gidaje, a rangwanta wa litocin farko da kowane gida ke buƙata, mai wanke mota uku da ban ruwan fulawa ya biya da tsada. 'Yan garuwa kuwa kada a kore su, su ne suka riƙe garin nan da kurarsu shekara da shekaru. A ba su wuraren ɗiban ruwa mai tsafta a farashi sananne, su ci gaba da kai wa lungunan da bututu bai kai ba tukuna.

Abin da nake roƙo shi ne shirin shekara 25 ko 30 a rubuce, wanda Majalisar Dokokin jiha za ta mayar doka, don kada gwamna mai zuwa ya jefar da shi saboda na baya ne ya fara. Gwamna shekara 8 ce iyakarsa, matatar ruwa kuwa daga zane zuwa neman kuɗi zuwa ranar da za ta fara aiki tana iya cinye wa'adi guda, shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. A tarayya an yi babban tsarin albarkatun ruwa na ƙasa a 2013 da taimakon Japan, wanda ya hango har 2030, a 2018 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da zai sa namu ya bambanta shi ne doka ta tilasta a fito duk shekara a faɗa da Hausa: lita nawa aka tace, nawa ta isa gidaje, awa nawa kowace unguwa ta samu ruwa, kilomita nawa na bututu aka ƙara. Sannan duk sabon filin da za a yanka, a fitar da hanyar bututu da wurin tanki kafin a sayar da fuloti ko ɗaya. Bichi da Rano da Gaya da Wudil da Dambatta su ma su shiga lissafin tun yanzu, domin su ne biranen gobe.

Shirin kuma dole ya ƙunshi shekarar fari. Dattawanmu sun ga na 1973, sun ga na 1984, lokacin da garin bai kai rabin yadda yake yau ba. Idan damina biyu suka gaza a jere Tiga ta ja baya sosai, wa za a fara rage wa ruwa: manomin rani na Kura, ko mai masana'anta a Sharaɗa, ko masuncin Nguru, ko matar da ke jiran famfo a Kurna? Da kashi nawa za a rage, wa ke da ikon yankewa, kuma me za a ba wanda aka hana shuka a shekarar? Wannan ƙa'idar yanzu ya kamata a rubuta ta, da wakilan manoma da na jihohin da ke ƙasa da mu a zaune, kowa ya sa hannu tun madatsar tana cike.